Yadda Ake Ziyartar Istanbul da Tsibirin Buyukada Lokacin Kaka

1. Zaɓi ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Zafi ya ragu, cunkoso ma haka, amma ana samun ruwan sama, don haka ka ɗauki laima da rigar sanyi.

2. Sayi katin Istanbulkart ka sa masa kuɗi. Da shi za ka hau jirgin ƙasa, bas da jirgin ruwa.

3. Ka ba birnin kwana biyu. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwar birnin (Grand Bazaar) kuma ranar Lahadi. Masallacin Sultanahmet ba ya karɓar 'yan kallo lokacin salla.

4. Rana ta uku ka tafi tsibirin da sassafe daga tashar jiragen ruwa ta Kabatas. Tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Kafin ka fito, duba hasashen yanayi, domin iskar kudu maso yamma mai suna lodos kan tayar da teku har a soke jirage. Kada ka sa wannan tafiya ranar da za ka bar ƙasar Turkiyya.

5. Ba a shiga da mota mai zaman kanta a tsibirin. Hayi keke ko hau ƙaramar motar lantarki. Tun da ka sauka, rubuta lokacin jirgin ƙarshe.