Yadda Fasto Zai Ci Moriyar Taron Keɓewa na Shugabanni

Taron keɓewa na fastoci yakan ɗauki kwana uku ko huɗu, amma amfaninsa ya rataya ne a kan abin da mutum ya yi kafin ya bar gida. Na farkon da na halarta bai amfane ni ba, domin ina zaune ana koyarwa, hankalina kuwa yana kan waya: ina shirya wanda zai ja ragamar sujada ranar Lahadi, ina sasanta zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa a kan lokacin shiga majami'a, ina tambayar ma'aji ko an kai baiko banki. Tun daga lokacin na gane cewa koyon shugabanci yana farawa ne ranar da ka miƙa aikinka ga wani.

Saboda haka, mako biyu kafin tafiya, ka zauna da dattawan ikkilisiya ka raba musu ayyukanka, kowa da nasa: wanda zai yi wa'azi, wanda zai ziyarci marasa lafiya, da wanda zai tsaya idan an yi rasuwa. Ka sanar da wannan a gaban jama'a, gama dattijon da aka ɗora wa aiki a ɓoye ba ya samun bakin tsawatarwa. Shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa ke nan a Fitowa 18, sa'ad da ya gan shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce masa ya naɗa amintattu a kan mutum 1,000, da 100, da 50, da 10, manyan ƙararraki kaɗai su riƙa zuwa gabansa. Kai ma ka ba mutum ɗaya tak izinin kiranka, ku kuma yi ittifaƙi a kan irin matsalar da ta isa kira.

Kaya ba su da yawa: Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙi, littafin rubutu da biro. Idan a Filato za a yi taron, kamar masaukin hutu na Miango da mishan ɗin SIM ta kafa kusa da Jos, kada ka raina sanyin Disamba da Janairu, ka tafi da bargo da rigar sanyi.

Daren farko ka kwanta da wuri, kada kuma ka ji kunyar hakan. Lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, magana ta biyo baya a Dutsen Horeb. A Markus 6:31 ma Yesu ya janye almajiransa su huta, domin ko sukunin cin abinci ba su da shi.

Babbar jarabar fasto a zauren koyarwa ita ce ya mai da duk abin da ya ji wa'azin Lahadi mai zuwa, ko ya riƙa tuna wani dattijo da ya kamata a ce yana wurin ya ji. Maganin da na samu shi ne in ja layi a tsakiyar shafi, a dama in rubuta abin da mai koyarwa ya faɗa, a hagu in rubuta inda maganar ta taɓa ni. Ranar da aka yi koyarwa a kan wankin ƙafafun almajirai a Yahaya 13, abin da na rubuta a hagu shi ne sunan mai sharar majami'armu, wanda shekara biyu muna tare ban taɓa taka ƙofar gidansa ba. Har yau shafin yana nan, kuma ya fi sauran takardun taron amfani a wurina.

Lokacin cin abinci kada ka manne wa abokan karatunka na makarantar tauhidi. Ka nemi faston da hidimarsa ta bambanta da taka, musamman 'yan'uwa na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga Borno da Adamawa, waɗanda a shekarar 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi har shugabanninsu suka koma Jos na ɗan lokaci. Mutumin da ya yi kiwon garken da ya watse a sansanonin gudun hijira ya san abin da ba a koyarwa a aji. Ka kusanci tsofaffi da tambaya ta gaskiya, kamar: "Baba, yaya kuka yi sa'ad da dattawa suka ƙi shawararku?" Sa'an nan ka yi shiru ka saurara, ko da amsar ta yi tsawo.

Idan ka dawo, kada ka sauke wa ikkilisiya sababbin tsare-tsare goma a Lahadin farko. Ka zaɓi abu ɗaya da za ka canza a halinka, ka fara faɗa wa matarka, domin ita ce za ta fara ganin ko ya tabbata. A zaman dattawa na gaba ka nemi kowa ya ba da rahoton aikin da ya riƙe, wanda kuma ya riƙe nasa da kyau ka bar masa shi, kada ka karɓe.