Kafin ka hau motar Kaduna neman tarihin garinku

Lokacin da nake haɗa kundin digirina na biyu kan tarihin haraji a wata gunduma ta ƙasar Katsina, kwana uku na yi a Kaduna ina laluben duhu, kuma laifina ne. Fayilolin Lardin Katsina kaɗai nake dubawa, alhali shekarun da nake nema babu lardin ma tukuna. Har zuwa 1926 masarautun Katsina da Daura ƙarƙashin Lardin Kano suke, daga nan aka mayar da su Lardin Zariya, sai a 1934 Katsina ta samu lardinta. Takardun da nake nema suna can jibge cikin na Kano da na Zazzau.

To, abu na farko ke nan. Tun kana gida, ka gano garinku a wane lardi yake, a wace gunduma, ƙarƙashin wane hakimi, a kowace shekara da bincikenka ya shafa. Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon ba ta san jihohi da ƙananan hukumomin yau ba. Yadda Turawan mulki suka raba ƙasa haka ta jera kayanta: KanProf na Kano, ZarProf na Zariya, SokProf na Sakkwato, KatProf na Katsina, sannan SNP, wato takardun babbar sakatariyar Arewa. Ka kuma rubuta sunan garinku ta kowace fuska da kunnen Bature zai iya jin sa. Wanda ya mayar da Sakkwato "Sokoto" ba zai ji tausayin sunan ƙauyenku ba.

Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, mai sa hannu da hatimi, ka riƙe katin makaranta. Sai fensir, littafin rubutu da waya mai cikakken caji. Kada ka ɗaga waya kan takarda sai ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da abin da ake biya.

In ka zauna, jerin sunayen fayiloli za ka fara bi, kana kwafe lambar kowanne daidai, har ɗigo. Ni shawarata, fara da rahoton ƙiyasin haraji na gundumarku. A nan Di'o yake rubuta yawan magidanta, shanun da aka yi wa jangali, kasuwanni, masaƙa da marina, wani lokaci har da jerin dagatai da asalinsu. Ma'adini ne, amma ka karanta da wayo. Mutumin da ake ƙirga wa shanu don a karɓi kuɗinsa ba zai kawo duka garken ba, kuma tarihin da Baturen ya rubuta daga bakin tafinta da mutanen hakimi ya ji shi. Duk abin da ka kwafa, rubuta lambar fayil da shekara a gefe nan take. Na taɓa cewa "zan tuna", har yau akwai wata magana mai daɗi da ban san daga inda na ɗauko ta ba, dole na cire ta daga kundin.

Ka ware aƙalla kwana biyu don Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma yana hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Can za ka ga kundayen waɗanda suka riga ka, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. In karatun warash ɗinka bai yi ƙarfi ba, nemi malamin da zai zauna da kai, kada girman kai ya sa ka tsallake su, don a cikinsu ne mutanenmu suke magana da bakinsu.

Ma'aikatan ɗakin karatu kuwa, gaishe su da kyau, ka faɗa musu abin da kake nema dalla-dalla. Wani dattijo ne a cikinsu ya dube ni rana ta huɗu ya ce, "Malam, 1922 kake nema? Ai sai ka koma Kano." Na zaci mota yake nufin in hau. Ashe kantar da ke bayana ce.