Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ƙwayoyi masu faci

Ƙwayoyin da ake magana 'yan mitsi-mitsin dunƙulallun ƙwallaye ne da ba su wuce maikuromita 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kamar na silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Ana shafa wa wani ɓangaren fuskarsu abu mai kama ɗan'uwansa, su dinga manne wa juna ta facin kaɗai, su tsara kansu cikin ruwa. A 2011 Steve Granick da ɗalibansa a Jami'ar Illinois ta Amurka sun sa wa ƙwaya faci biyu na zinariya, suka samu tsarin saƙar kwando da ake kira kagome. Ɗaliban kimiyya a Aliero, Kalgo ko Gusau za su iya soma irin wannan aikin da silika da kakin kyandir, in sun kiyaye 'yan abubuwa.

Tun daga tushe ake ɓata shi. Hanyar Stöber ta 1968, wadda ake haɗa ƙwayoyin silika da ita, tana ba da ƙwayoyi masu girma ɗaya, amma sai an riƙe ma'aunin amoniya da zafi. Manya da ƙanana a haɗe ba sa jeruwa, don haka a duba girman kafin a yi faci.

Inda na fi jin takaici shi ne gishiri. Ƙwayoyin silika suna da caji iri ɗaya, suna ture juna, gishiri ne ke rage wannan turin har facin ya samu kamawa. A milimola 1 (ma'aunin ƙarfin gishiri a ruwa) turin yana kaiwa nisan kusan nanomita 10 (nanomita 1,000 ne maikuromita 1), a milimola 100 bai wuce nanomita 1 ba. Mai gaggawa sai ya zuba da yawa lokaci guda, ƙwayoyin su manne ta kowace fuska, su yi gudaji kamar kunun da ba a dama ba. Ƙwayar da ta manne a karkace tana buƙatar damar saki ta gyara zama. A ƙara gishirin kaɗan-kaɗan, a ba shi sa'o'i. Ruwan burtsatse da na leda kuwa da gishirinsu suke zuwa, sai tataccen ruwan ɗakin gwaji.

Wani kuma yakan ɗiga ruwan a gilashi ya bar shi ya bushe, ya ga ƙwayoyi sun jeru, ya ɗauki hoto. Bushewar ce ta ja su wuri guda. Ko marasa faci haka za su yi. A zafin Afrilu na Birnin Kebbi ɗigo ba ya daɗewa, gishirinsa yana ƙara ƙarfi kana kallo. A rufe da siririn gilashi, a liƙe gefensa da jan farce, a duba su a jiƙe, da ƙwayoyi marasa faci a gefe don kwatance.

Lokacin hunturu a tace ruwa, a rufe kwalabe, domin ƙura guda takan tara ƙwayoyi jikinta a zaci tsari ne.