Kurakuran da aka fi yi a gaban injin huda na tsaye

A shagon kafinta ko na mai aikin ƙarfe, babu injin da ake rainawa kamar diril na tsaye, wannan mai tebur da hannun da ake ja ƙasa. Ba ya kururuwa kamar injin zarto, ba ya feshin wuta kamar giranda, don haka shi ake fara sakar wa sabon yaro. Abin da ake mantawa shi ne, idan bakin huda ya cije a cikin ƙarfe, motar ba ta tsayawa. Ƙarfin nan sai ya sami inda zai tafi: ko bel ya zame, ko bakin ya karye, ko kuma abin da ake hudawa ya kama juyi tare da duk abin da ke riƙe da shi.

Daga nan babban kuskure ya samo asali, wato riƙe aiki da hannu. Mutum zai ɗauko ɗan fallen ƙarfe, ya danne da hagu, ya ja hannun injin da dama, yana cewa ai huda ɗaya ce. Kuma sau da yawa ana gamawa lafiya, wanda shi ne ke ƙara masa ƙarfin gwiwa. Haɗarin yana zuwa ne a ƙarshen huda. Lokacin da tsinin ya fara leƙowa ta ƙasa, naman ƙarfen da ya rage ya yi siriri, sai leɓunan bakin su nutse su ci fiye da ƙima. Nan take fallen zai hau jikin bakin kamar noti a kan kusa, ya ɗago daga tebur, ya shiga juyi. Falle mai kaifin gefe da ke zagaye ɗari shida a minti yana zagaye goma ne a daƙiƙa guda, kafin ka janye hannu ya riga ya ratsa tafin.

Gyaran ba shi da wuya. A matse aikin a bayis, wato matsen ƙarfe mai muƙamuƙi biyu, shi kuma bayis ɗin a ɗaure shi da tebur, domin bayis da ke zaune haka kawai shi ma juyawa zai yi, da nauyinsa kuwa. Abin da ya fi ƙarfin bayis a danne shi da kilam biyu. Fayif da duk abu mai zagaye a kwantar da shi a kan katako ko ƙarfe mai kwari kafin a matse, in ba haka ba zai mirgina. Dogon aiki kuma a juya tsawonsa zuwa hagu, a jingina shi da sandar injin. Dalili shi ne bakin yana juyawa ne irin juyin agogo idan ka duba daga sama, saboda haka idan ya fizge, sandar zai buga, ba cikinka ba. Sannan da ka ji hannun ya fara sauƙi, alamar an kusa fita, ka sassauta danna. Idan kuma duk da haka aikin ya kuɓuce yana juyi, kada ka kai hannu ka cafke. Kashe injin, ka ja baya har ya tsaya.

Safar hannu tana ruɗar mutane, saboda a wajen walda da ɗaukar kaya ita ce kariya. A nan ita ce abokiyar gaba. Idan baki ya taɓa fata, yanka zai yi, ka janye. Idan ya kama zaren safa, naɗewa zai yi, yatsu su bi, wuyan hannu ya bi. Haka hannun riga mai faɗi, zobe, agogo, sarƙa, igiyar katin shaida, dogon gashi da tsumman da ake riƙewa don goge mai. A naɗe hannun riga har gwiwar hannu, a cire sauran. Tabarau kuwa dole ne, ko da katako ake hudawa, tunda ƙaramin baki idan ya karye ba ya sallama kafin ya tashi.

Sai makullin da ake ɗaure baki da shi. Kowane oga ya taɓa daka wa yaro tsawa a kansa: «Kai, cire makullin nan kafin ka kunna!» Idan aka bar shi a jiki aka danna makunni, cilla shi injin zai yi, daidai tsayin ƙirji ko fuska. Ka saba wa kanka cewa makullin ba ya barin hannunka sai a ma'ajiyarsa. Akwai mai sifirin da ke turo kansa waje da an sake shi, ya cancanci a nema. Wajen ɗaurewa ma, a bi ramuka ukun da ke jikin kan da ke riƙe bakin a ƙara matsewa, sannan a kunna a kashe a ga ko bakin yana rawa. Bakin da ke rawa, ko ya lanƙwashe ko bai zauna tsakiyar haƙoran ba.

Batun gudu shi ne wanda ƙyuya ta fi ɓatawa. Canza bel yana ɗaukar minti biyu, amma za ka tarar da injin da tun ranar da aka kawo shi ba a buɗe murfinsa ba, da gudu ɗaya ake huda komai. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon girman baki da taurin abin da ake hudawa, gwargwadon rage gudu. A ƙarfe na yau da kullum, da bakin HSS (ƙarfe mai tauri da aka saba yin bakin huda da shi), mai faɗin milimita 6 yana son zagaye kusan 1,300 a minti, mai milimita 12 kusan 650, mai milimita 20 kuwa wajen 400. Alminiyam yana ɗaukar ninki biyu na haka ko fiye. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuma sai an rage zuwa rabi, a danna sosai, domin idan baki ya tsaya yana goga ba ya yanka, wurin taurarewa yake yi, ko sabon baki aka sa sai ya sha wuya. Manyan bakunan katako da zarton nan mai zagaye na yanke babban rami duk a gudu na ƙasa ake aiki da su. Galibi akwai jadawalin gudu manne a cikin murfin. Ƙaramin fuli (ƙafar da bel ke zagayawa a kanta) a mota da babba a gaba shi ke ba da gudu kaɗan, kuma a nan ne ƙarfin murɗawa ya fi yawa, wato a nan ne ɗaure aiki ya fi zama tilas. Kafin ka sa yatsa kusa da bel, zare fulogi daga soket, kada ka dogara da makunni.

Injin yana gaya maka halin da yake ciki, in kana kula. Baki mai kaifi a gudun da ya dace yana fitar da zaren ƙarfe biyu masu murɗi, ɗaya daga kowane leɓe, launinsu fari-fari. Idan gari kake gani, ko ƙara mai tsinin kunne, ko hayaƙi, ko tsinin ya koma shuɗi, to ko gudu ya yi yawa ko bakin ya dakushe. Mutane sukan mayar da martani da rataye nauyinsu a hannun injin, abin da ke karya baki ke nan. A wasa shi ko a canza. A ɗiga mai idan ƙarfe ake hudawa, ban da ƙarfen zubi, wanda a bushe ake huda shi. Rami mai zurfi kuma a riƙa ɗago baki lokaci-lokaci don datti ya fita.

Wannan zaren mai kyan gani wuƙa ne, kuma da zafi. Kada a bari ya yi tsawo yana bulala. Ɗan tsayar da danna na daƙiƙa guda yana katse shi. Kada a ja shi da yatsa, kada a hura da baki ko da iskar kwamfuresa. A kashe injin, a share da burushi. Haka nan kada a tsayar da kan injin da tafin hannu bayan an kashe don gaggawa.

Akwai ƙananan sakaci da ke ɓata aiki fiye da yadda suke jin ciwo. Rashin buga alamar tsakiya da ƙarfe mai tsini yana sa baki yawo a kan sumul ɗin ƙarfe. Babban rami yana son a fara da ƙarami, amma ƙaramin kada ya wuce faɗin tsinin babban da yawa, in ba haka ba babban zai riƙa cafka. Rashin sa guntun katako a ƙasa yana tsaga bayan aiki, ya kuma bar tebur da tabon ramuka.

Wasu kan so su mai da diril injin sassaƙa, su riƙa tura aiki gefe don faɗaɗa rami. Kan da ke riƙe baki a yawancin injinan nan ba a ɗaure yake da noti ba, cusa shi aka yi a kan ƙarfe mai tsukewa, matsi ne kawai ke riƙe da shi. An yi shi don danna ta sama. Da ya sha turi ta gefe sai ya saki, ya faɗo yana juyi. Ramin da ya yi kaɗan, magagari ne maganinsa ko baki na gaba.

Idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, fara kashe makunni kafin komai. Injinan da ke da makunni mai maganaɗisu ba sa tashi da kansu idan wuta ta dawo, amma masu makunni na gargajiya tashi suke yi, ko da a lokacin hannun wani na kan baki yana ƙoƙarin zare shi daga rami.