Darasi na Bakwai: Noman Furen Ziniya da Yadda Zai Daɗe a Cikin Kwalba

Ziniya fure ne mai son zafi. Asalinsa daga ƙasar Meziko yake, kuma ya samo sunansa daga wani masanin tsirrai Bajamushe, Johann Gottfried Zinn, wanda ya rasu a 1759. Akwai ja, akwai ruwan ɗorawa, akwai fari da ruwan hoda. Abin da ya sa masu sayar da furanni ke ƙaunarsa shi ne, duk sa'ad da aka yanki ɗaya, sai gindin ya sake fitar da wasu.

Shuka

Ku nemi wurin da rana ke bugawa aƙalla awa 6 a yini, inda ruwa ba ya kwanciya. Ku gyara fangali, ku cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Kada ku yi gaggawar shuka in da sauran sanyi, don irin ba ya tsirowa da kyau sai ƙasa ta ɗumama. Ku binne shi zurfin rabin santimita kawai. Cikin mako guda zai tsiro. Ziniya ba ya son a taɓa saiwarsa, saboda haka shuka kai tsaye ta fi dashe.

Ku bar tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin gindi da gindi. Cunkoso na hana iska shiga, sai wata farar fumfuna ta rufe ganye kamar an barbaɗa gari. Don haka ma a gindi ake zuba ruwa, ba a kan ganye ba. Fure zai fara fitowa bayan kamar wata biyu. Wanda ke son ya riƙa samun fure har ƙarshen lokacin zafi, sai ya sake shuka wani fangalin duk bayan mako biyu ko uku.

Ga wani aiki da sabon manomi ke jin tsoro. Idan tsiron ya kai santimita 25, ku datse kansa, daidai saman inda ganye biyu suka fito. Da ganin ido ɓarna ce, amma daga nan ne rassa za su toho, dogaye masu yawa. In an bar shi, fure ɗaya zai yi a tsakiya da wuri, sauran su biyo baya gajeru.

Yanka

Nan ne yawancin mutane ke asara. Ziniya ba ya ƙara buɗewa bayan an yanke shi, to sai ya buɗe sarai ake yanka. Buɗewar ma ba ta isa ba. Ku kama karan wajen taƙi ɗaya ƙasa da furen, ku girgiza a hankali. In kan ya yi lilo, bai ƙosa ba, ku ba shi kwana biyu. In ya tsaya ƙyam, ya yi. Furen da aka yanka ɗanye, kafin gari ya waye ya sunkuyar da kai, kuma ba abin da zai miƙar da shi.

Ku yi yankan da sassafe, da almakashi mai kaifi, ku yanko kara dogo. Ku tafi da bokitin ruwa, ku tsoma nan take. Kada ku matse wuyan furen, domin cikinsa rami ne, yana saurin karyewa.

Cikin kwalba

Karan ziniya yana da gashi-gashi, yana saurin gurɓata ruwa. Ƙwayoyin cuta su ke toshe hanyar da yake shan ruwa. Ku wanke kwalba da sabulu, ku cire duk ganyen da zai nutse. A kowace lita ta ruwa ku ɗiga bilic na wanki ɗigo biyu ko uku, ku kiyaye kada yara su sha. Duk bayan kwana biyu ku canza ruwan, ku rage gindin karan da kamar santimita biyu. Ku ajiye a inuwa, amma ban da firij, sanyi yana ƙona furen. Da wannan kulawa yakan kai kwana 7 zuwa 10.

Aiki

Ku yanko furanni huɗu da suka ƙosa, ku raba su kwalba biyu. Ɗaya ku riƙa canza mata ruwa, ɗayar ku bar ta yadda take. Ku rubuta ranar da kowane fure ya yanƙwane, ku zo da takardar aji.