Yadda Ake Ƙiyasta Bazuwar Hayaƙin Motoci a Gefen Babban Titi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Na'ibawa, bakin Titin Zariya a Kano, da sassafe cikin hunturu, ya ga yadda hayaƙin tireloli ke kwanciya ƙasa-ƙasa ya ƙi tashi. Mai shayi na shaƙa, yaran da ke jiran a-daidaita-sahu na shaƙa. To mita nawa yake kutsawa cikin unguwa, kuma ta wane gefe? Ba a iya kafa na'urar awo a ƙofar kowane gida, shi ya sa ake lissafa abin da kwamfuta.

Fara da ƙirga motoci. Nan ne wahalar take, nan kuma ake yawan yin ha'inci. Ka samu mutum biyu, kowa ya riƙe hannu ɗaya na titin, su riƙa ja wa kowace mota layi a takarda, awa bayan awa. Kada a haɗa su a kwando ɗaya: tirela da tifa daban, bas daban, ƙananan motoci daban, babura da a-daidaita-sahu daban. A rubuta gudunsu, domin motar da ke tsaye cikin cunkoso injinta na kunne ta fi mai wucewa sumul zubar da hayaƙi a kowace mita. A ƙirga ranar aiki, a ƙirga Juma'a da Lahadi.

Daga nan sai a mayar da motocin zuwa giram. Manhajar COPERT ta Turai da MOVES ta Amurka suna ba da yawan gurɓataccen abin da kowace irin mota ke fitarwa a kilomita. A ce motoci 3,000 ne a awa, kowacce na fitar da giram 1 a kilomita: giram 3 ke nan a kowace mita ta titi cikin awa guda. Sai dai ka yi hattara, alƙaluman nan na motocin da ake kula da su ne. Tsohuwar tokumbo da aka cire wa matatar salansa ta wuce nan nesa, don haka ka zaɓi rukunin tsofaffin motoci.

Na uku, iska. Ana buƙatar saurinta da inda ta fito, awa-awa, na shekara guda in da hali; hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na da tashar awo a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in saurin iska ya ninka, kaurin hayaƙin ya ragu da rabi. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, wato gefen titin da ke shan hayaƙi a Janairu shi ke samun sauƙi a Agusta. Akwai kuma nutsuwar iska, wadda Baturen Ingila Frank Pasquill ya kasa gida shida a 1961, daga A zuwa F. A ita ce tsakar rana, ƙasa ta yi zafi, iska na juyawa tana ɗaga hayaƙi sama. F ita ce dare mai sanyi da ba ganyen da ke motsi. Safiyar Na'ibawa da na ambata ragowar F ce, ita ya kamata ka fi sa wa ido.

Sai manhajar bazuwa. CALINE4 ta hukumar sufurin Kalifoniya ta fi sauƙi ga mai koyo. Za ka yanka titin gunduwa-gunduwa, ka ba kowace tsawo da faɗi da tsayi (gadar sama daban take da ƙasa), sannan ka dasa wuraren awo a cikin manhajar, a nisan mita 10, 50, 100, 200 har 500 daga titi, a tsayin hancin mutum. AERMOD ta fi ta ƙarfi amma ta fi cin bayanai. Inda dogayen benaye suka matse titi, OSPM ta Danmak ta fi dacewa. Yawanci za ka ga kaurin ya faɗi sosai cikin mita 100 zuwa 150 na farko, sannan ya riƙa raguwa a hankali.

Abin da manhaja ta ba ka na titin ne kaɗai. Dole ka ɗora masa abin da ke cikin iskar tun asali: ƙurar hunturu, hayaƙin janareta, ƙona bola, itacen girki. Ka auna wannan a wuri mai nisa da titi, ta gefen da iska ke fitowa. Jimillar za ka gwada da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021: matsakaicin awa 24 kada ya wuce maikirogiram 25 na NO2 (gurɓatacciyar iskar gas da injin mota ke fitarwa), ko 15 na ƙananan ɓurɓushin PM2.5, a kowace kubik mita.

Kafin ka nuna wa kowa taswirarka, ka ɗaure 'yan bututun awon NO2 a jikin falwaya, wasu a bakin titi, wasu a cikin lungu, su yi mako biyu zuwa huɗu, a kai su ɗakin gwaji. In sakamakon bai kai ninki biyu na lissafinka ba, bai kuma gaza rabinsa ba, aikin ya karɓu. In ya wuce haka, koma kan takardar ƙirgan motoci da rukunin da ka zaɓa musu.