Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tace Jan Ƙarfe da Bututun Kumfa

Na gaji da ganin matasa suna zuwa wurina a nan Sakkwato da buhun dutse, sun gwada tace jan ƙarfe a dogon bututun kumfa, abin ya ƙi, sannan su ɗora wa na'urar laifi. Tun farkon shekarun 1960 aka ƙirƙiro wannan bututu a Kanada, kuma aikinsa ba ɓoyayye ba ne: ana zuba kunun niƙaƙƙen dutse daga can sama, ana hura iska daga ƙasa, ƙwayoyin ma'adinin su manne wa kumfa su hau, yashi ya nutse. Da irin wannan tacewa ake ɗaga dutsen da jan ƙarfensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba zuwa kashi 25 ko 30.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rowar ruwan ɗauraya, wato ruwan da ake yayyafawa a kan kumfar daga sama. Shi ne ya bambanta bututun da tankunan tacewa na da, domin yana gangarawa ta tsakanin kumfa yana wanke laka da garin yashin da suka biyo ta. Dole ne ruwan da ke sauka ya rinjayi wanda ke ficewa tare da kumfar. Wata shekara a watan Afrilu, ruwa ya yi mana ƙaranci, sai na rage famfon. Kumfa ta ci gaba da tumbatsa, kauri gwanin sha'awa, na yi mako uku ina tarawa. Da na shanya ta a tire, maimakon ƙyallin ruwan ɗorawa mai duhu, sai ga gari toka-toka mai danƙo a yatsa, kuma sakamakon awo bai kai rabin abin da nake sa rai ba. Kuɗin sinadari da na niƙa duk sun salwanta. Tun daga ranar ban ƙara yarda da ido ba. Bokiti da agogo nake ɗauka in auna kunun da ke shiga da abin da ke fita ta ƙasa, idan na ƙasan bai fi yawa ba, sai in tsayar da aikin.

Na biyu kuwa sakaci ne tsagwaronsa, kuma ba zan sassauta muku ba. Ku ga dutse kore shar, ku kwaso shi, ku antaya masa zantet, sinadarin da ke sa ma'adini ya manne wa kumfa, ba tare da kun kai shi awo ba, wane irin aiki ne wannan? Zantet yana kama ma'adinin da ke haɗe da sulfa ne, irin su kalkofairait, ma'adinin jan ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Koren nan galibi malakait ne, wani ma'adinin jan ƙarfe marar sulfa, kuma ba zai hau kumfa yadda ya kamata ba sai an fara jiƙa shi da sinadarin NaHS. Ni kaɗan-kaɗan nake zubawa, domin idan ya yi yawa, shi da kansa yake hana ma'adinin tasowa.

Haka kuma masu buɗe iska har ƙarshe suna zaton yawan kumfa shi ne yawan riba. Da zarar gudun iskar ya wuce kimanin santimita 2 a daƙiƙa, bututun yakan rikice, iyakar da ke tsakanin kunu da kumfa ta ɓace.

Sauran ƙanana ne. A sa ƙonanniyar farar ƙasa har pH, wato ma'aunin tsamin kunun, ya kai 10 zuwa 11, don fairait, ma'adinin baƙin ƙarfe da ba a so, ya kwanta. Kada a ajiye zantet a ɗakin kwano, zafin bazarar garin nan yana lalata shi, kuma iskar da yake fitarwa tana kama wuta. A niƙa dutse ya yi laushi, domin bututun ba ya ɗaga manyan ƙwayoyi. Idan wuta ta ɗauke, a zubar da kunun nan take kafin ya kwanta ya toshe ramukan iska.